Yadda Ake Yanka Adireshi da Saita Rauta Domin Tarhon Intanet a Ofis

Kiran murya ba ya cin layi da yawa. Kira ɗaya da kodek ɗin G.711, wato tsarin mayar da murya lambobi, bai kai kilobit 90 a sakan ba a kowane ɓangare, abin da bidiyo na yau da kullum ya ninka shi sau da yawa. Matsalar murya rashin haƙuri ne. Tarho yana tura murya a fakiti, wato ƙananan ƙunshin bayanai, ɗaya kowane milisakan 20, wato fakiti 50 a sakan, kuma duk wanda ya makara ba shi da sauran amfani, don ba a sake aiko shi. Shawarar hukumar ma'aunin sadarwa ta duniya, ITU-T, mai lamba G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya daga baki zuwa kunne kada ya wuce milisakan 150. Masu aikin suna ƙara sharuɗɗa biyu: bambancin lokacin isowar fakiti ya tsaya ƙasa da milisakan 30, fakitin da ke zubewa kuma kada ya kai kashi 1 cikin 100. Ƙara kuɗin intanet ba ya biyan waɗannan sharuɗɗa. Abin da ke biyansu shi ne ware wa tarho yankinsa na adireshi, da sa rauta, na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ta gane shi ta ba shi gaba.

Za mu ɗauki ofis mai tarho 50, kwamfuta 80, kyamarorin tsaro, Wi-Fi na baƙi, da reshe a wani gari mai tarho 12. Na'urar PBX, wadda ke haɗa kira, tana babban ofis, ko Asterisk ce a kan saba ko akwati irin na Grandstream ko Yeastar. Umarnin da za a gani na rautar MikroTik ne, domin ita ce aka fi samu a ƙananan ofisoshi, amma tunanin ɗaya ne a kowace rauta.

Fara da takarda da biro

Kafin ka taɓa rauta, zaɓi gidan adireshinka. Takardar ma'aunin intanet RFC 1918 ta 1996 ta ware rukuni uku domin amfanin cikin gida: 10.0.0.0/8, da 172.16.0.0/12, da 192.168.0.0/16. Yawancin mutane suna faɗawa cikin na ukun saboda shi rauta ke zuwa da shi daga kanti. Guje shi. Rautocin TP-Link da yawa suna zuwa da 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei masu SIM da 192.168.8.1, MikroTik da 192.168.88.1, rautar Starlink da 192.168.1.1, farantinta kuma yana amsawa a 192.168.100.1. Ranar da ma'aikaci ya haɗo daga gida ta VPN, wato bututun sirri a kan intanet, ko ka jona layin intanet na biyu, za ka tarar da gefe biyu suna da adireshi iri ɗaya. Fakitin da aka nufa da PBX zai tsaya yana neman ta a cikin gidan ma'aikacin. A rukuni na biyu ma akwai tarko: manhajar Docker tana ɗaukar 172.17.0.0/16 da kanta.

Ɗauki wani abu daga tsakiyar rukunin 10. Babban ofis ya riƙe 10.20.0.0/16, reshe ya riƙe 10.21.0.0/16, reshen gobe 10.22.0.0/16. Amfanin haka shi ne kowace rauta tana buƙatar layin hanya ɗaya tak domin isa ɗaya ofishin, komai yawan yankunan da aka yanka a ciki.

Lissafin girman yanki ba shi da wuya. Adireshin IPv4 bit 32 ne. Lambar da ke bayan karkataccen layi tana nuna bit nawa ne na yankin, sauran na na'urori ne. Idan an ce /26, saura bit 6, wato 2×2×2×2×2×2, 64 ke nan, a cire na farko da yake sunan yankin da na ƙarshe da yake na shela, saura 62. Haka /24 ke ba da 254 da mask 255.255.255.0, /25 ya ba da 126 da 255.255.255.128, /26 ya ba da 62 da 255.255.255.192, /27 ya ba da 30 da 255.255.255.224, /28 ya ba da 14 da 255.255.255.240, /30 kuma ya ba da 2 kacal.

A takarda tarho 50 sun shiga /26. Amma cire getwe, wato adireshin rauta a yankin, cire PBX, cire na'urar da ke haɗa tsohon layin tarho idan akwai, ka ga saura ƙasa da goma na faɗaɗawa. Sannan iyakokin /26 suna faɗuwa a 0, 64, 128 da 192, kuma nan ake yawan kuskure: wani ya sa wa tarho 10.20.20.70 da hannu alhali getwe yana 10.20.20.1/26, tarhon ya kunnu lafiya amma ba ya isa ko'ina. A rukunin 10 babu ƙarancin adireshi, don haka matsi ba shi da riba. Ba kowane rukuni /24, ka sa lamba ta uku ta yi daidai da lambar VLAN ɗinsa, wato yankin da ake ware masa a suwic, akwatin da kebul ɗin na'urori ke haɗuwa, yadda duk wanda ya ga adireshi zai san inda na'urar take ba tare da buɗe wani fayil ba:

VLAN 10, kwamfutoci, 10.20.10.0/24
VLAN 20, tarho, 10.20.20.0/24
VLAN 30, baƙi, 10.20.30.0/24
VLAN 40, kyamarori, 10.20.40.0/24
VLAN 99, kula da na'urori, 10.20.99.0/24

A reshe a maimaita tsarin da 21 a madadin 20. Idan tarho ya wuce 200 a gini ɗaya, ƙara VLAN na biyu ya fi faɗaɗa na farko zuwa /22, domin duk shelar da na'ura ɗaya ta yi sai ta isa kowane tarho a yankin.

A cikin VLAN 20, getwe ya ɗauki .1, PBX ta ɗauki .10 a kafe, daga .2 zuwa .49 a bar wa na'urori masu adireshi kafaffe, DHCP, mai ba na'urori adireshi da kansa, ya raba daga .50 zuwa .250. Ajiye PBX a cikin yankin tarho yana da dalili: kiran da ke tsakanin teburi biyu zai tsaya a suwic, ba zai hau rauta ba, don haka ko rauta ta sha aiki ko intanet ya yanke, kiran cikin gida yana tafiya.

Suwic

Suwic ɗin da ba a iya saita shi ba ya wannan aikin. Ana buƙatar wanda ya san 802.1Q, wato maƙala wa kowane ƙunshin bayanai shaidar VLAN mai bayit 4, kuma ya san LLDP-MED, hanyar da suwic ke magana da tarho. Yawancin tarhon tebur suna da rami biyu, ɗaya na kebul ɗin bango, ɗaya na kwamfuta, don kebul ɗaya ya ɗauki duka biyun. Ramin suwic sai ya ɗauki VLAN 10 ba shaida domin kwamfuta, da VLAN 20 da shaida domin tarho. A suwic ɗin Cisco haka ake rubutawa:

lldp run
interface range gi1/0/1-24
switchport mode access
switchport access vlan 10
switchport voice vlan 20
spanning-tree portfast

Da tarho ya tashi, suwic zai gaya masa ta LLDP-MED ko CDP cewa VLAN ɗinsa 20 ne, sai ya nemi adireshi a can. Idan suwic bai iya ba, tarhon Yealink na karɓar lambar VLAN ta zaɓi na 132 na DHCP, ko a shigar da ita da hannu a kowane tarho, wanda aiki ne da za ka tsana ranar da aka sake wa tarho saiti. Layin portfast yana da muhimmanci: tsohon tsarin spanning tree, mai hana bayanai kewaya tsakanin suwic, yana riƙe rami kusan sakan 30 kafin ya buɗe, tarho ya gaji da jiran DHCP. Duba kuma saurin ramin kwamfuta na jikin tarhon. Masu araha da yawa megabit 100 ne, kwamfutar da ke bayansu ba za ta wuce haka ba ko suwic na gigabit ne.

Kebul ɗin da ke tsakanin suwic da rauta shi ne trunk, dole ya ɗauki dukkan VLAN da shaidarsu. Mantawa da VLAN 20 a jerin waɗanda aka yarje wa a trunk na cikin abubuwan da suka fi hana tarho samun adireshi.

Sai wuta, wadda suwic ke ba tarho ta cikin kebul ɗin sadarwa. Ma'aunin 802.3af na ba da wat 15.4 a rami, 802.3at na ba da 30. Abin dubawa shi ne jimillar da suwic zai iya bayarwa, ba abin da rami ɗaya ke iyawa ba. Tarho ajin 2 ana ware masa wat 7, guda 24 sun ci 168, don haka suwic mai wat 185 ya ɗauke su, amma idan ka ƙara kyamarori ko na'urorin Wi-Fi a kansa, wasu ramukan za su mutu. Kebul kada ya wuce mita 100, kuma ya zama jan ƙarfe zalla. Kasuwa cike take da kebul ɗin CCA, alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda yake zubar da wuta a hanya har tarho ya riƙa sake tashi da kansa idan ya yi ƙara. Kankare silin ɗaya da wuƙa: idan cikinsa fari ne, mayar da shi. Suwic, rauta, PBX da modem duka su hau UPS ko inbata ɗaya. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto sakan kaɗan ne, amma tarho na ɗaukar minti ɗaya zuwa biyu kafin ya tashi ya yi rajista, kiran da ake yi kuwa ya riga ya tafi.

Rauta: VLAN da DHCP

A ɗauka ether1 ne ke fita intanet, ether2 ne trunk zuwa suwic, kuma an cire ether2 daga bridge, wato haɗin ramuka wuri ɗaya, da rauta ta zo da shi. Idan yana cikin bridge, a ɗora VLAN a kan bridge ɗin, ba a kan ramin ba.

/interface vlan add name=vlan20 vlan-id=20 interface=ether2
/ip address add address=10.20.20.1/24 interface=vlan20
/ip pool add name=tarho ranges=10.20.20.50-10.20.20.250
/ip dhcp-server add name=tarho interface=vlan20 address-pool=tarho lease-time=1d disabled=no
/ip dhcp-server option add name=opt66 code=66 value="s'10.20.20.10'"
/ip dhcp-server network add address=10.20.20.0/24 gateway=10.20.20.1 dns-server=10.20.20.1 ntp-server=10.20.20.1 dhcp-option=opt66

Zaɓi na 66 shi ke gaya wa tarho inda zai ɗauko saitinsa. Lura da harafin s da ke gaban adireshin. Idan babu shi, MikroTik zai aika adireshin a matsayin bayit 4, tarhon kuma rubutu yake jira, sai ya yi watsi da shi ba tare da ya ce komai ba. Tarhon Cisco da ke ƙarƙashin CallManager zaɓi na 150 suke nema, shi kuwa bayit 4 ɗin yake so. Idan ka sa rauta a matsayin mai ba da lokaci, kunna sabar NTP a cikinta, ka saita agogo a UTC+1 idan a Najeriya ko Nijar kake. Agogon da ya karkace ba allon tarho kaɗai yake ɓatawa ba, yana sa takardar shaidar TLS, tsarin ɓoye saƙo, ta ƙi karɓuwa, rajista ta faɗi.

NAT, inda yawancin ciwon kai yake

Kira yana da hanya biyu. SIP, wanda RFC 3261 ta 2002 ta bayyana, shi ke buga ƙararrawa, ya amsa, ya kashe, a ƙofar 5060, ko 5061 idan da TLS. Muryar kanta RTP ke ɗauke da ita a kan UDP, ta wasu ƙofofi daban: Asterisk na amfani da 10000 zuwa 20000, na'urorin Cisco 16384 zuwa 32767. A cikin saƙon SIP akwai ɓangaren SDP inda kowane gefe yake rubuta adireshi da ƙofar da za a aiko masa murya. NAT, wato yadda rauta ke musanya adireshin cikin gida da na waje, na canza adireshin da ke kan fakiti, amma ba ya canza wanda aka rubuta a cikin saƙon. Idan PBX ta rubuta 10.20.20.10 a SDP ta aika wa kamfanin da ke ba ka layin SIP, kamfanin zai tura murya zuwa adireshin da babu shi a intanet. Tarho ya yi ƙara, an ɗauka, suna jin ka, kai ba ka jin su.

Masu ƙera rauta sun ƙirƙiro SIP ALG domin ya buɗe saƙon ya gyara adireshin. A aikace ya fi ɓatawa: ya gyara wani layi ya bar wani, ko ya sake gyara abin da PBX ta riga ta gyara. Kashe shi:

/ip firewall service-port disable sip

Kashe shi kuma a modem ɗin kamfanin intanet idan shi ma yana NAT. Abin da ya fi shi ne a mayar da modem ɗin bridge, adireshin waje ya sauka kai tsaye a rautarka, domin NAT biyu a jere na ninka wahalar bincike.

Gyaran gaskiya a PBX ake yinsa. A Asterisk mai PJSIP, a sashen transport a sa external_signaling_address da external_media_address su zama adireshinka na waje, a sa local_net=10.20.0.0/16 da local_net=10.21.0.0/16. Idan ka manta na reshe, PBX za ta ɗauki tarhon reshe a matsayin baƙi, ta ba su adireshin waje, murya ta bar bututun VPN ta ɓace. Ga duk tarhon da ke bayan wani NAT a sa rtp_symmetric=yes, force_rport=yes, rewrite_contact=yes da direct_media=no. Na ƙarshen yana hana PBX janye jikinta ta ce wa gefe biyu su yi magana kai tsaye alhali ba sa ganin juna.

Duba adireshin da ether1 ya samu. Idan yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan CGNAT, wato kamfanin ya haɗa ka da wasu kwastomomi a adireshin waje ɗaya. Haka layukan SIM suka saba, haka ma tsarin Starlink na gama-gari, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2023. A nan buɗe ƙofa daga waje ba ya aiki ko kaɗan. Mafita uku ce: ka sayi adireshi kafaffe daga kamfanin, ko ka zaɓi layin SIP mai rajista inda PBX ce ke fara magana daga ciki, ko ka yi hayar ƙaramar saba mai adireshin waje ka ja bututun VPN zuwa gare ta. Idan ka bi hanyar rajista, dole a riƙa motsa haɗin, domin rautoci da yawa suna manta haɗin UDP da ya yi shiru cikin sakan 30 zuwa minti kaɗan. Sa qualify_frequency=25 ko makamancinsa. Alamar rashin wannan ita ce kira na fita kullum, amma na shigowa sai wani lokaci.

Katangar tsaro ba wurin sassauci ba ne. Duk ƙofar 5060 da aka buɗe wa duniya, manhajojin leƙe irin su SIPVicious za su same ta, su riƙa gwada kalmar sirri, idan sun dace su buga kiran ƙasashen waje a kan kuɗinka, galibi da dare ko ƙarshen mako. Sa adireshin kamfanin SIP ɗinka a jeri, ka karɓi 5060 da ƙofofin RTP daga wannan jerin kawai. Tambaye su, domin sau da yawa sabar murya daban take da ta SIP. Rage ƙofofin RTP ma: kowane ɓangaren kira na cin biyu, kiran da ya ratsa PBX na cin huɗu, don haka 10000 zuwa 10500 ya ishi ofis irin wannan, muddin ka sa lambobi iri ɗaya a PBX da rauta. Daga VLAN 10 a bar masu tarhon manhaja su isa PBX kaɗai, shafin saita tarho kuma sai daga VLAN 99. Baƙi da kyamarori ba su da abin yi a VLAN 20. Layin SIP ɗin kansa a karɓe shi daga kamfanin da ke da lasisin hukumar sadarwa, NCC a Najeriya.

Ba murya gaba

Fara da lissafi. G.711 na ɗauke da bayit 160 na murya a kowane fakiti, a ƙara 40 na IP da UDP da RTP, a ƙara 18 na Ethernet, 218 ke nan. Sau 8, sau 50, ya ba da kilobit 87.2 a sakan. G.729 bayit 20 ne kacal na murya, amma kayan saman ba su ragu ba, don haka yana cin 31.2, ba 8 da ake rubutawa a jikinsa ba. Ba yawan tarho ake ƙirgawa ba, yawan kiran da ke fita waje lokaci ɗaya ne. Idan 15 ne, 15 sau 90 ya ba da megabit 1.35 a kowane ɓangare. Ware 2. Idan G.711 ka zaɓa, nau'in A-law ake amfani da shi a Afirka da Turai, µ-law na Arewacin Amurka da Japan ne. Daidaita da na kamfaninka don PBX ta huta da juya murya.

Cunkoso a ɓangaren aikawa yake faruwa. Wani ya fara ɗora bidiyo ko kyamara ta fara tura hoto waje, modem ya tara fakiti masu bayit 1500 a rumbunsa, jinkiri ya tashi zuwa ɗaruruwan milisakan, ƙaramin fakitin murya yana baya. Modem ba ya bambanta su. Dabarar ita ce ka hana jerin fakitin taruwa a modem, ya taru a rautarka inda kake da iko. Auna saurin aikawa na gaskiya a lokacin da ofis ya fi cika, ka kafa iyaka a kashi 85 zuwa 90 cikin 100 nasa. Idan ka auna megabit 10:

/ip firewall mangle add chain=forward src-address=10.20.20.0/24 connection-state=new action=mark-connection new-connection-mark=murya
/ip firewall mangle add chain=forward dst-address=10.20.20.0/24 connection-state=new action=mark-connection new-connection-mark=murya
/ip firewall mangle add chain=forward connection-mark=murya action=mark-packet new-packet-mark=murya passthrough=no
/queue tree add name=fita parent=ether1 max-limit=9M
/queue tree add name=murya parent=fita packet-mark=murya priority=1 limit-at=2M max-limit=9M
/queue tree add name=saura parent=fita packet-mark=no-mark priority=8 limit-at=1M max-limit=9M

Ga ribar yankin da aka ware tun farko: layi biyu sun kama duk murya, ba sai an bi ƙofa-ƙofa ba. Idan ka sa max-limit ya kai ko ya wuce abin da layin ke iya ɗauka, fifikon ba zai taɓa aiki ba, domin rauta ba za ta ga cunkoso ba. Akwai kuma FastTrack, gajeriyar hanyar wucewar fakiti, wanda MikroTik ke zuwa da shi a kunne. Fakitin da ya bi ta nan yana tsallake dokokin mangle na sama, ba ya samun shaida. Ƙara connection-mark=no-mark a dokar FastTrack ɗin domin murya ta fita daga cikinta, sannan ka yi kira ka duba ko ƙidayar layin murya na motsi. Idan tana sifili, ba ka yi komai ba tukuna.

Tarho na sa wa murya shaidar fifiko DSCP 46, wanda ake kira EF, SIP kuma 24 ko 26, sannan 5 a shaidar VLAN. Sa suwic ya amince da waɗannan daga tarho, kada ya amince da su daga kwamfuta. Amma kada ka yi tsammanin intanet zai girmama su, kamfanoni da yawa suna goge su a bakin iyakarsu. A layin SIM ko na tauraro sauri na hawa da sauka cikin yini, don haka a kafa iyaka bisa mafi ƙanƙantar abin da aka auna. Tsohon intanet na tauraro, VSAT, kuwa, tauraronsa na nisan kusan kilomita 36,000, hawa da sauka kaɗai sun kai milisakan 240, babu saitin da zai rage wannan.

Idan layin intanet biyu gare ka, kada ka raba murya a tsakaninsu. SIP ya fita ta ɗaya, RTP ta ɗaya, kamfanin ya ga adireshi biyu, murya ta ɓace. Ɗaure 10.20.20.0/24 a layi ɗaya, ɗayan ya zama na ko-ta-kwana. Ranar da aka juya, tsohon haɗin UDP na iya maƙalewa a rauta da tsohon adireshi, saboda motsin da PBX ke yi ba ya barinsa ya mutu. Share shi:

/ip firewall connection remove [find dst-address~":5060"]

Reshe

Ja bututun WireGuard, wanda ke cikin RouterOS tun sigar 7, tsakanin rautocin biyu. Ba bututun /30 nasa, misali 10.255.0.0/30, ka sa hanya zuwa 10.21.0.0/16 a babban ofis, zuwa 10.20.0.0/16 a reshe, ka sa su kuma a allowed-address. Gefe ɗaya aƙalla yana buƙatar adireshin waje, wanda ke bayan CGNAT shi zai fara, da persistent-keepalive na sakan 25. Tabbatar dokar masquerade, wato ta NAT, ta tsaya a ether1, kada ta taɓa abin da ke shiga bututu. Bututun na ƙara bayit 60 ko fiye a kowane fakiti, G.711 ya haura kilobit 100, G.729 ya haura 50. Fakitin da ya shiga bututu kuma ya rasa shaidar da aka sa masa, domin rauta ce ta haifi sabon fakitin. Sai an sake sa wa UDP ɗin bututun shaida a chain=output, ƙofar 13231 idan ba ka canza ba. Wannan yana da ma'ana ne kawai idan murya ce mafi yawan abin da bututun ke ɗauka. Idan ana kwasar manyan fayil ta ciki, ja bututu na biyu a wata ƙofa domin murya.

Idan abu ya lalace

Lokacin da kira ya yanke yana faɗin dalilinsa. Idan kullum a sakan 32 ne, saƙon ACK, mai tabbatar da kira ya haɗu, bai iso ba: SIP na jira sau 64 na milisakan 500 sannan ya haƙura, kuma kusan kullum adireshin Contact ne ba daidai ba, ko ALG na nan da rai. Idan a minti 15 ne, sabunta zaman kira ne ya faɗi, domin ana yinsa a rabin sakan 1800. Murya gefe ɗaya, duba layin c= a SDP. Murya na tsinkewa a ɓangaren wanda ka kira kaɗai, aikawarka ce ta cika. Tarho ya samu 10.20.10 da wani abu, LLDP bai yi aiki ba. Ya tsaya yana neman adireshi, duba trunk. Yana ƙara da tsakar dare babu kowa a layi, masu leƙe ne suka iso shi, ƙofarka a buɗe take.

A FreePBX, manhajar kula da Asterisk, buga *43 ka ji muryarka tana dawowa. Idan ta dawo tsaf, tsakanin tarho da PBX lafiya, matsalar daga rauta zuwa waje take. Manhajar sngrep a kan PBX na zana saƙonnin kira ɗaya bayan ɗaya, ka ga wanda aka aika ba amsa. Domin ingancin murya, kwafi ramin PBX zuwa wani rami a suwic, ka ɗauka da Wireshark, ka buɗe RTP Streams a ƙarƙashin Telephony, zai nuna zubewa da bambancin isowa na kowane ɓangare. Gwajin da za ka yi kafin miƙa aiki shi ne ka cika aikawa da iperf3 ko ɗora babban fayil daga VLAN 10, kana barin ping, mai auna jinkiri, yana tafiya daga PBX zuwa sabar kamfanin SIP, kana kuma kan kira na waje. Idan ping ya tashi da fiye da milisakan 30, rage max-limit da rabin megabit ka sake gwadawa.